Hakkin Abokin Da Daji Ya Ɗauke

Ɗana, ɗiyata, ku gyara zama, maganar yau tana da nauyi.

A tsarin da muka taso muka tarar, yaro ne ke ɗaukar makarar babba. Amma duk mai halartar jana'iza a maƙabartar Ɗan Marna ko ta Ɗan Takum a nan Katsina ya san sau da yawa abin yakan juye. Uba na tsaye a bakin kabari, sa'o'in ɗansa ne ke miƙa itace da kwaɓin ƙasa. Wasu hatsarin mota ne, wasu haihuwa, wasu rashin tsaron da ya addabi ƙauyukanmu. Akwai kuma waɗanda in ka tambayi abin da ya same su, sai a sassauta murya a ce maka, "Daji ne."

Ina ganin yadda kuke tuna su. Hoto ya zagaya WhatsApp da Facebook, kowa ya rubuta Allah Ya jiƙan rai, a yi kwana uku ana jimami, sannan duniya ta ci gaba da harkarta. Babu laifi a wannan, addu'a ko a ina aka yi ta tana isa inda aka aike ta. Sai dai abokin da ya rasu yana da hakkin da ya wuce hoto, wato a ɗauki darasin da jinyarsa ta bari. Na daɗe ina koyarwa a makarantun garin nan, na raka ɗalibaina da dama makwancinsu, kuma abin da ke ci mini rai shi ne hanyar da na farko ya bi ita na baya ke bi, sawu a kan sawu. Ajali ba ya wuce lokacinsa, mun yi imani da haka. Amma jinkiri da ɓoyo da bin jita-jita ba ajali ba ne, halinmu ne, kuma hali yana gyaruwa.

Ku fara cire wa ranku cewa daji ciwon tsofaffi ne. Ya fi yawa ga masu shekaru, gaskiya ne, amma bai bar yaro ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna a shekarar 2022 an samu sababbin masu cutar fiye da 120,000 a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Sankarar mama ce kan gaba, kuma matan da ake gani da ita a asibitocinmu sun fi na Turai ƙuruciya. Akwai dajin jini, akwai na ƙashi da ke kama samari da 'yan mata masu tasowa, akwai wanda ke kumbura muƙamuƙin yara, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, kuma ya fi yawa a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin namu. Hukumar ta ce a ƙasashe masu arziki yara fiye da 80 cikin 100 da suka kamu da daji suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai 30 ba. Ciwon ɗaya ne, jikin ɗan Adam ɗaya ne. Abin da ya raba mu da su shi ne lokacin da ake gano shi, da samun maganin, da kuma kai maganin ƙarshe.

Shi daji ba baƙo ba ne da ya shigo daga waje. Ƙwayoyin halittar jikin mutum ne ke sauka daga tsari, su yi ta hayayyafa ba tsayawa, su taru su zama ƙari. Da farko yana zaune wuri ɗaya, ana iya cire shi. In aka ba shi lokaci sai ya bi jini da kaluluwa ya sauka a huhu, ko hanta, ko ƙashi. Shi ya sa likitoci ke kasa shi mataki huɗu, kuma tsakanin na ɗaya da na huɗu wani lokaci watanni ne kawai, watannin da mu kan ɓatar muna cewa bari mu ga abin da hali zai yi.

Akwai wani ɗalibina, mai tsaron gida ne a ƙungiyar ƙwallon unguwarsu. Gwiwarsa ta fara ciwo, ya ce targaɗe ne. Aka kai shi wurin mai ɗori, aka ja, aka ɗaure da kara da tsumma, aka ba shi man zafi. Ciwon bai sauka ba, sai ma ya riƙa tayar da shi cikin dare. Wurin ya kumbura har wando ba ya wucewa, fatar tana sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Abokansa sun ga ya koma yin sallah a zaune, suka yi ta tsokanarsa suna ce masa tsoho. Ko da aka ɗauki hoto, dajin ƙashi ne, kuma ya riga ya kai huhu. Yaran nan suna ƙaunarsa, har yau in an ambace shi idonsu yakan kawo ruwa. Abin da suka rasa shi ne sanin cewa targaɗe yana sauƙi da kwanaki, ba ya ƙaruwa da watanni. Da ɗaya daga cikinsu ya san haka, da ya goya shi a babur ya kai shi asibiti tun watan farko.

Don haka, ɗana, ka riƙe waɗannan alamomi, don kanka da kuma don na kusa da kai. Ƙulli a mama, ko wuya, ko hammata, ko maraina, wanda ya ƙi tafiya. Miki ko gyambon da ya ƙi warkewa. Rama ba dalili. Zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, tare da gumin dare, da ɗashewa, da jini a dasashi. Jini ga mace a wajen lokacin al'ada ko bayan saduwa. Ciwon ƙashi mai tsananta da dare. Farin abu mai ƙyalli a ƙwayar idon ƙaramin yaro. Jiki magayi ne, matsalar ita ce mun saba kai ƙararsa kemis. Yau a ce maleriya, gobe taifot, jibi a haɗa su biyun a yi ƙarin ruwa a ɗaki. In ka sha magani sau ɗaya, sau biyu, abu ya haura mako biyu ko uku bai canja ba, to ya wuce hurumin mai kemis, sai likita da gwaji. Ka kuma yi hattara da kalmar basir, domin a garin nan ta zama rumbun da ake zuba kowane ciwon da ba a gane ba. Matasa da yawa sun ga jini a bayan gida, suka yi shekara suna shan jiƙo da sassaƙe, alhali daji ne a hanji. Kada wannan ya firgita ka: mafi yawan ƙulli da kumburi ba daji ba ne. Amma ido ba ya rarrabewa, gwaji ne ke yi, kuma wanda aka gwada aka ce masa babu komai bai yi asarar komai ba sai fargaba.

Ke kuma ɗiyata, da ke nake yanzu. An yi wa Katsinawa kirari da kunya, kuma ado ce a gare mu. Amma akwai inda kunya ke zama asara. Na san yarinyar da ta ji ƙulli a ƙirjinta saura 'yan watanni bikinta. Ta yi shiru don kada dangin miji su ji, kada a ce tana da lahani a fasa. Ta yi ta sa hijabi mai kauri, tana kwanciya ta gefe ɗaya, tana wanke rigunanta da kanta da dare don kada a ga tabon ruwan da ke fita. Mahaifiyarta ba ta sani ba sai da wari ya fallasa. An yi auren, amma ba ta shekara biyu a ɗakin ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki saba da duba mamanki sau ɗaya a wata, bayan kin gama al'ada, ki shafa har hammata. In kin ji abin da ba ki saba ji ba, ko fatar ta canja, ko kan maman ya shige ciki, ko jini na fita, ki faɗa wa Inna, ko Yaya, ko Goggon da kike sakewa da ita, a ranar, ba bayan biki ba. Akwai likitoci mata da ma'aikatan jinya mata a garin nan, kina da damar ki nemi mace ta duba ki. Kai kuma saurayi ko ango, in ta amince ta faɗa maka, ka sani amana ta ba ka. Mijin da ya gudu daga matarsa don an cire mata mama, ya koya wa sauran 'yan mata goma su ɓoye nasu.

Sai maganar da ta fi kowace cin rayuka, wadda kun sha ji a bakin manya: wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya fusata. Ku fahimci inda ta samo asali, don ku iya warware ta cikin ladabi. Mutane kan kai majinyaci asibiti ne bayan an gama zagaye, jiki ya ƙare. A yi masa allura, bayan mako biyu ya cika, sai a ce allurar ce. Ba ita ba ce, watannin da suka gabace ta ne. Ɗan naman da likita ke ɗiba a kai ɗakin gwaji shi ne ke nuna wane irin daji ne, domin kowane iri da maganinsa. Abin mamaki, masu tsoron ƙarfen likita su ne ke kai ƙari wurin wanzami a yi masa sakiya, ko a shafa masa abin da zai ƙona fata ya fashe. Daji ba maruru ba ne, ba mugunya a cikinsa da za a matse. In an fasa shi sai ya zama gyambon da ba ya rufewa. Ban raina wanzami ko mai ɗori ba, kowa da fagen da ya ƙware, wannan dai ba fagensu ba ne.

Haka nan in ka ji an fara cewa jifa ne, ko sammu, ko hannun kishiya, ka yi ƙoƙarin kashe wutar tun tana ƙarama. Na ga gidajen da aka binne yaro aka kuma binne zumunci tare da shi, saboda zargin da ba mai hujjarsa. A yi addu'a, a yi tofi, a yi sadaka, duk alheri ne. Malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya kore tawakkali. Abin da nake roƙo shi ne kada a jera su ɗaya bayan ɗaya, a ce sai an gama na gida kafin a je asibiti. A haɗa su rana ɗaya.

In an fara magani kuma, a daure a kai ƙarshe. Maganin dajin da ake kira kemo yana da wahala, ba zan ɓoye muku ba. Yana sa amai da kasala, gashi ya zube, farce ya yi baƙi, domin yana bugun duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa, mai cuta da marar cuta. Amma gashi yana dawowa. Ana ba da shi zango-zango, sau da yawa duk bayan mako uku, don jiki ya farfaɗo a tsakani. Kuskuren da na fi gani shi ne a sha zango biyu, ƙari ya saɓe, sai a ce an warke a daina zuwa. Ragowar da ba ta mutu ba ita ke dawowa, kuma takan dawo da taurin kai.

Na san za ku ce, Baba, ai kuɗi ne. Gaskiyarku. Maganin daji yana cinye gona da shanu da jarin gida. Shekaru da yawa duk wanda aka rubuta wa gasa ƙari da na'ura daga Katsina sai ya nufi Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, ga kuɗin mota, ga masauki, ga mai jinya ya bar sana'arsa. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, kuma wannan sauƙi ne babba ga mutanen jihar nan da maƙwabtanmu har Maraɗi. Akwai kuma asusun tallafin masu daji na Gwamnatin Tarayya, wanda ya fara da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, ga hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Ku masu karatu ne, ku ne za ku shiga ofis ku yi tambaya, ku cike takarda, ku bi sawu a madadin iyayen da ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Matambayi ba ya ɓata. Ku kuma tuna, ƙarin da aka cire yana ƙarami bai kai tsadar wanda ya bazu ba, ko kusa. Jinkirin da ake yi don gudun kashe kuɗi shi ke ninka kuɗin.

In za ku yi gidauniya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ku yi. Amma ku nemi izinin majinyaci kafin ku saka hotonsa. Kada ku ɗauki mutum a halin da shi kansa ba zai so ya ga kansa ba, ku watsa wa duniya. Kuɗin su shiga hannun wanda iyali suka yarda da shi, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ajiye rasit. Amana ɗaya da aka ci takan rufe wa majinyata da yawa ƙofar taimako.

Akwai abin da ya fi kuɗi, kuma kowa yana da shi. Masu doguwar jinya sukan ce makon farko ɗaki cike yake, wata na uku kuwa sai uwa da buta. Daji ba a ɗaukarsa ta numfashi ko taɓawa ko cin abinci a kwano ɗaya, don haka babu dalilin gudu. Na ga wasu samari da suka burge ni. Sun raba kwana a tsakaninsu, kullum da mai shimfiɗa tabarma a gindin bedi a harabar asibiti, don mahaifin abokinsu ya samu ya je kasuwa. Ɗaya ke riƙe masa ledar ƙarin ruwa in zai zagaya. Ɗaya ke kawo fura ba tsami, don ita kaɗai ke zama a cikinsa. Ranar da ake wasan ƙwallo sai su jingina waya a jikin filas su kalla tare, suna gardama kamar yadda suka saba a majalisa. Da aka nemi jini, layi suka yi. Mai lafiya da ya kai shekara 18 yana iya ba da leda guda, jikinsa ya mayar, kuma masu dajin jini da masu shan kemo kullum cikin buƙatarsa suke. In ka je dubiya, kada ka tsaya kana salati kana cewa ya rame, ya riga ka sani. Kada ka ba shi labarin wanda irin ciwon ya kashe. Kada ka zo masa da sabon mai magani kowane mako. Ka ce ya jiki, ka zauna, in yana son hira ku yi, in ya yi shiru ka taya shi shirun. In tari ko mura kake yi, ka dakata sai ka warke, domin kemo yana raunana garkuwar jiki.

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai nau'o'in daji da ake tare su tun ba su zo ba. Dajin hanta da ke kashe maza da ƙuruciyarsu yawanci daga ciwon hanta nau'in B yake tasowa, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar, da yawansu ba su sani ba. Ana ɗaukarta ta jini, da saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri. Ka je a gwada ka. In ba ka da ita, allura uku ce cikin wata shida. In kana da ita, likita zai riƙa bibiyar hantarka. Ka mallaki askarka da abin yankan farcenka, kuma jaririn gidanku a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar da ke lahanta hanta, a zubar da su, kada a ce asara. Sankarar bakin mahaifa tana kashe mata kusan 8,000 a shekara a ƙasar nan, alhali tana da rigakafi. An fara allurar rigakafin, wato ta HPV, kyauta a Nijeriya a watan Oktoba na 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, ta iso Katsina a zagaye na biyu a watan Mayu na 2024. In kana da ƙanwa a waɗannan shekaru, ka zauna da Baba da Inna ka yi musu bayani da lafazi mai taushi. Matan aure kuma akwai gwajin bakin mahaifa da ke gano matsala shekaru kafin ta zama daji. Taba da shisha, ɗana, hayaƙi hayaƙi ne, ƙamshin tuffa ba ya wanke shi. Abokinka zabiya kuma ka tuna masa da malafa da riga mai dogon hannu, domin ranar Katsina tana jawo wa fatarsa daji.

Wani lokaci za a yi duk abin da ya kamata, a kan lokaci, kuma Allah Ya karɓi abinSa. A nan sai haƙuri. Kada ka zauna kana tuhumar kanka ko iyayensa da "da an sani". Abin da ya wuce darasi ne ga na gaba, ba sanda ba ce ta dukan masu makoki. In kuka ya zo maka ka yi, namiji ma yana da zuciya. In baƙin cikin ya hana ka barci da abinci ya ƙi sauka, ka faɗa wa wani babba ko likita, kada ka nemi sauƙinsa a kwalbar sirop ko ƙwaya.

Sannan ka riƙe abokinka ta hanyar da za ta amfane shi. Bayan an share makoki, an naɗe tabarmi, gidan yakan yi wa iyaye faɗi. Zumunta a ƙafa take: ka leƙa ranar Juma'a ka gaishe da Inna, ka tambayi karatun ƙannensa, in ya bar maraya ka san ajin da yake. Ka bincika ko akwai bashi a kansa, ku haɗu ku sauke masa. In kuna da hali ku yi masa sadaka mai gudana, ko da biyan kuɗin gwajin wani majinyaci ne da ba ku sani ba. Ranar 4 ga Fabrairu, da duniya ta ware don ciwon daji, ku gayyato ma'aikacin lafiya ya yi wa majalisarku ko Islamiyyarku bayani, ku je ku ba da jini da niyyar ladan ya kai gare shi.

Kuma daga yau, duk wanda ka ji yana cewa wani ƙulli ya dame shi, ko zazzaɓinsa ya ƙi jin magani, kada ka tsaya a "Allah Ya sawwaƙe". Ka tambaye shi tun yaushe. In ya haura mako uku, ka ce masa gobe da safe za ka zo ku tafi asibiti tare, kuma ka zo ɗin.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ku kuma Ya raya ku, Ya yi muku albarka.